Birkin Guguwa

"Wai ni kam, shi da yake ta ihun birki, me ya sa baya yake waiwaya?"

Matar Tela ce ta yi tambayar, tana ɗauraye kwanuka a bakin famfo. Gwaggo, mai gidan da muke haya, tana zaune gefe ta miƙe ƙafarta mai ciwo. Ni kuwa ina bayan labulen ɗakinmu da tsintsiya a hannu, na tsaya cak kamar an dasa ni.

Gwaggo ta ce, "Ke dai bari. Mutum in ya ruɗe, ko sunansa kika tambaye shi sai ya waiwaya ya ga ko wani zai faɗa masa."

Suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, domin na san amsar tambayar.

Maigidana shi ne Guguwa. Ba wani ne ya raɗa masa sunan ba, shi ya kawo abinsa. Ya ce haka ake kiransa a garin da ya yi aiki kafin aurenmu, saboda in ya hau babur ba a ganinsa, sai dai a ga ganye yana tashi. Babu wanda ya taɓa zuwa garin nan a duk layinmu, don haka labarin ya samu wurin miƙe ƙafa. Tun da aka rufe shagon buga takardun da yake yi wa aiki, ya mayar da bencin Tela ofishinsa. Shagon Tela a ƙofar gidanmu yake, ina jiyo komai daga taga. Yau ya ce ya taɓa ɗauko firji da mai firjin a bayansa. Gobe ya ce ya wuce motar asibiti har direban ya leƙo ya sara masa. Tela yana taka kekensa yana cewa, "Allah Sarki, Guguwa. Ashe mu da babban mutum muke zaune."

Shi kuwa yabo yake ji.

Zaman benci ba ya cika tukunya. Da na ji yaron da ke kai wa Kawu kaya ya bar aiki, sai na daure na tafi wurinsa. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, sarin ƙwai yake sayarwa, shaguna da gidajen abinci duk wurinsa suke ɗauka. Ni da ko gaisuwa ba na iya ɗaga kai in yi, ranar na durƙusa a gabansa har sai da maganar ta fito.

Kawu ya ce, "Ya iya babur?"

Na ce, "Ya ce ya iya."

"Ya ce, ko kin gani?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina.

Ya ce, "To, saboda ke. Amma ba na ɗora ƙwaina a bayan wanda ba shi da lasisi. Ya je a gwada shi, ya kawo min takarda, aiki nasa ne. Kada ki ba ni kunya, 'yar nan, don na hana wani na ba shi."

Da na kai wa maigida labari, sai ya miƙe tsaye ya dafe ƙirji. "Gwaji? Ni za a gwada? Amarya, wanda zai gwada ni ai sai dai ya zo da littafi ya ɗauki darasi." Na ce ina tsohon lasisinsa, ya ce ruwan sama ne ya cinye shi.

Kawu ya yi abin kirki. Sabon babur ya fito da shi, ko ledarsa ba a gama cirewa ba, ya cika masa tanki a gabanmu har sai da mai ya leƙo, ya ce ya tafi da shi ya saba kafin ranar gwaji. Ni na riga shi dawowa gida. Can da yamma sai ga Guguwa ya shigo layi, yana tafe yana tura babur, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf.

Tela ya ɗago kai. "A'a, Guguwa, yau iskar ce ta kwanta?"

"Ka ga matsalarka ke nan, Tela. Keken ɗinki ka sani, ba ka san inji ba. Sabon babur ba a hawansa ranar farko. Sai ka taka da shi, ka ji nauyinsa, shi ma ya san hannunka."

"Ashe shi ma kunya yake ji."

"Yi ɗinkinka."

Washegari da hantsi, bayan Gwaggo ta tafi asibitin ƙafa, matar Tela ta tafi kasuwa, sauran 'yan haya kowa ya kama gabansa, maigida ya sa sakata a ƙofar tsakar gida. Ya ce, "Amarya, zo ki riƙe min nan." Ya nuna min ƙarfen baya, inda ake ɗaure kaya. Na riƙe. Ya ɗaga ƙafa zai hau, wandonsa ya maƙale, ya sake ɗagawa. Da ya zauna sai ya shiga laluben kan babur kamar mai neman allura a duhu. Yatsansa ya faɗa kan hon. Abin ya yi ƙara, ya zabura, saura kaɗan mu kife ni da shi.

A nan na gane. Mutumin nan bai taɓa tuƙa babur ba, ko a mafarki sai dai a goya shi.

Na ɓoye abin da na gano. Na ce dai, "Ba za a tada shi ba?"

"Man Kawu kike so in ƙona a banza? Ƙwararru a bushe suke atisaye. Inji ai ƙara ce kawai. Tuƙi a nan yake." Ya buga goshinsa da yatsa. "Tura."

Gaskiyar ita ce, in ya tada inji Tela zai ji, zai leƙo, labarin firji ya mutu.

Na tura.

Tsakar gidanmu ba ta da faɗi. Akwai babban tankin ruwa a tsakiya, baƙi, mai ƙaton ciki. Ta hannun dama kwata ce da kejin kajin Gwaggo, babu hanya. Saboda haka hagu kawai ake iya bi. Muka shiga kewaya tanki, shi a zaune ya miƙe wuya, ni a duƙe ina haki. In ya karkata, in tallafe. In ya nufi bango, in karkatar da bayan babur har ya dawo hanya. In ya ga ya gaji da zama, sai ya ce, "Birki!" Ni kuma in kafe dugadugaina a ƙasa in ja baya, silifas ɗina suna kuka a kan siminti, har mu tsaya.

Sai ya sauko ya duba taya, ya gyaɗa kai. "Kin ga tsayuwa? Ko ruwa aka ɗora min a kofi ba zai zube ba."

Ranar ce na saki hannu ɗaya don in gyara ɗankwalina. Kafin in ƙifta ido, Guguwa da babur sun kwanta a cikin bahon wankin da matar Tela ta jiƙa. Ya taso da zanen mutane a wuya, kumfa na bin kunnensa.

"Wa ya ce ki saki?"

"Ɗankwalina ne..."

"Ana maganar lasisi kina maganar ɗankwali! Kin karkatar min da taya. Da ba ni ne a kai ba, da yanzu wani zancen ake."

Ni na sake ɗauraye wankin, na mayar da bahon yadda yake.

Kwana biyu sai ga shi da kayan aiki: hular kwano mai gilashi, safar hannu, baƙin tabarau, da wata riga mai ƙyalli da ke ɗaukar ido tun daga bakin titi. Babur yana jingine a ƙofar ɗaki, mai babur yana kan benci da hular kwano. In zai sha shayi sai ya ɗage gilashin, ya kurɓa, ya mayar.

Tela ya ce, "Guguwa, zarena ya ƙare. Ɗan miƙa ni kasuwa mana."

"Doka ta hana ɗaukar fasinja kafin gwaji."

"To je ka kai kaɗai ka sayo min."

"Ta hana ɗaukar kaya ma."

"Zaren?"

"Kai ka rubuta dokar?"

Tela ya ciji zare ya tofar. "Ni dai tun da aka kawo babur ɗin nan ban ji muryarsa ba."

"Ina za ka ji, kana barci? Kafin ku farka na je ƙarshen gari na dawo. Kuma in gwani ne a kai, inji ba ya ihu. Masu sa shi ihu 'yan koyo ne."

Don maganar ta zauna, kullum da safe sai ya ɗebo ƙasa a kwano ya watsa wa tayoyi. Ni ke share abin da ya zube.

Sai ya jiyo a wurin wani cewa a filin gwaji ana jera wasu robobi masu tsini, a ce mutum ya bi tsakaninsu. Washegari ya tattaro bokitan gidan kaf, da butoci, har da randar Gwaggo da take ji da ita kamar jika, ya jera su a gefen tanki. Aiki ya ƙaru. Yanzu ban da turi da birki, ni ce mai lanƙwasa. In ja bayan nan, in ture shi can, shi kuwa yana sama yana ba ni labari.

"Kin ga yadda na shige? Kafaɗa ake sakewa. Ki riƙa kallo, ko kya ƙaru."

Abin da nake kallo shi ne bayan rigarsa mai ƙyalli, da gumina da ke ɗiga a kan lambar babur.

Muna cikin haka aka buga ƙofa. Muryar Gwaggo ce, likitanta bai zo ba ta dawo da wuri. Guguwa ya yi tsalle ya dire, ya bar min babur. Ni kuma hannuna ya riga ya mutu. Babur ya tafi luu, ya sumbaci randa. Randa ta rabe biyu, ruwa ya malale tsakar gida, kaji suka ɗauki kuka.

Kafin ya zare sakata ya tsayar da babur a jikin bango, ya cire hula. Gwaggo ta shigo ta ga bokitai a jere, ta ga randarta, ta gan ni ina haki kamar wadda kare ya biyo.

"Innalillahi! Me ake yi a gidan nan da rana tsaka, ƙofa a kulle?"

Ko ƙifta ido bai yi ba. "Likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki, Gwaggo. Gudu take yi tsakanin bokitai, ni ina lura da ita. Sai ta yi tuntuɓe da randa. Na ce mata ta bi a hankali."

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan cikina. Sai fuskarta ta sake. "Ayya, 'yar nan. Randa ai ƙasa ce. Zauna, zauna." Ta juya kansa. "Kai kuma wane irin likita ne wannan, mai sa mace gudu a wannan hali?"

Kafin magariba gidan duk ya ɗauka wai juna biyu gare ni. Matar Tela ta ƙwace bokiti daga hannuna, ta ce kada ta ƙara ganina da abu mai nauyi. Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, kunya ta rufe min shi. Da safe kuwa, suna fita, na koma turin ƙarfen da ya fi ni nauyi.

Sau ɗaya na gwada yi masa magana. Na ce, "Maigida, wancan ƙarfen da ke gaban ƙafarka ta dama fa, mai leda a jiki? Na ga masu babur suna taka shi in za su tsaya."

Ya leƙa, ya taɓe baki. "Wannan na matsorata ne. Kuma kada ki kuskura ki cire ledar. So nake Kawu ya ga yadda muke riƙon amana."

Ana gobe gwaji ya sa kayansa ya tafi shagon Kawu, a ƙafa. A gaban ma'aikata da masu sayayya ya ce shi ba zai yi gwaji irin na yara ba. A ɗaure masa kiret-kiret na ƙwai a baya, ya yi gwajin da su. In ko ɗaya ya tsage, a canza masa suna.

Kawu ya ce, "Ba sai an kai ga haka ba. Takarda kawai nake so."

"Kawu, takarda kowa yana samu. Ni so nake ka kwanta da hankalinka."

Daga can ya bi layi yana gayyata, kamar mai rabon katin biki. Da ya shigo na kawo masa ruwa, na tsuguna, na tattaro ɗan ƙarfin halin da nake da shi.

"Maigida, ko za a ɗaga gwajin nan? Ko sau ɗaya ba a tada injin ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Tsoro kike ji? To ke da inji mene ne bambancinku? Turi ne dai. Inji ma ya fi ki, shi ba ya haki, ba ya gyaran ɗankwali."

Na ɗauke kofin na fita. Tun daga lokacin na daina jin tausayinsa, na koma jin tausayin ƙwan.

Da sassafe muka kama hanya. Inda akwai mutane shi ke turawa, yana ce musu yana tanadin ƙarfin inji ne. Inda babu kowa sai ya haye, in karɓa.

Filin gwajin yana bayan wani ofishi, shimfiɗe da kwalta. An jera jajayen robobi, an ajiye tsohuwar taya a can ƙarshe, an ja farin layi a ƙasa. Jami'in gwajin wani ƙaton mutum ne mai tumbi, da farar riga da ta sha guga, da usur a wuya. Masu jiran layi suna tsaye kowa da babur ɗinsa, bakinsu ya bushe. Guguwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗa.

"Saki jikinka, ƙanena. In ka ga ka rikice, ka tuna yadda na yi."

Mutanenmu suka iso. Tela ya rufe shago ya zo da matarsa. Gwaggo ta zo da sandarta. Kawu ya zo da ƙwai, aka ɗaure su a baya da igiyar roba, hawa kan hawa. Na koma bayan Gwaggo na raɓe.

Da aka kira shi, jami'i ya nuna kayan da baki. "Wannan fa?"

"Shaida ce, yallaɓai."

"Sauke su."

"Yallaɓai, in na yi gwaji ba kaya, an raina ni, kai ma an raina ka."

Jami'i ya ɗaga kafaɗa. "Ƙwanka ne."

Kawu ya ce a hankali, "Nawa ne."

Jami'i ya taka zuwa tsakiyar fili ya tsaya, ya ɗaga murya. "Ka miƙe, ka bi tsakanin robobin nan, in ka kai taya ka juya dama, ka dawo ka tsaya a kan farin layi. Ka ji? Dama. Tada."

Guguwa ya haye, ya sauke gilashin hula, ya miƙe wuya. Sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Tura."

Babur bai motsa ba.

Jami'i ya ce, "Me ka ce?"

"Addu'a nake yi, yallaɓai."

Ya shiga lalube. Hon ya yi ƙara. Fitilar hagu ta kama ƙyafta ido, ta dama ma ta karɓa. Masu jiran layi suka fara kallon juna. Tela ya matso yana murmushi. "Bari in taya gwani, kada ya ɓata takalminsa." Ya murɗa makulli, ya buga masa kik sau ɗaya.

Inji ya ɗauka. Na ga Guguwa ya ƙame, jikinsa duk yana karkarwa tare da babur, har gilashin hular yana kaɗawa. Bai taɓa sanin abin yana da rai ba.

"Sa giya mana!" in ji jami'i.

Ya shiga tattaka duk abin da ƙafarsa ta hagu ta samu. Wani abu ya ce ƙas. Hannunsa kuwa ya riga ya damƙe totur don tsoro. Babur ya yi haniniya, ya ɗaga ƙafar gaba, ya zabura. Kiret ɗin sama ya yi sallama tun a nan.

Ya ɗan miƙe kamar abin arziki, ya kwashe robar farko da ta biyu. Daga nan jikinsa ya tuna karatunsa. Guguwa bai san dama ba, bai taɓa zuwa can ba. Ya karya hagu. A duk filin nan kuwa, abu ɗaya ne a tsaye a tsakiya mai ƙaton ciki kamar tankin gidanmu.

Ya fara kewaya jami'i.

In faɗi gaskiya, kewayen ya yi kyau. Da'ira ce sak, ko da igiya aka auna sai haka. Har na ji wani ɗan daɗi a raina, domin aikin hannuna ne. Jami'i yana juyawa a tsaye yana busa usur. Ya yunƙura zai fita ta nan, babur ya zo. Ya koma ta can, babur ya riga shi.

"Dama na ce! Dama! Tsaya!"

Igiyar roba ta saki. Ƙwai suka fara fita ɗaya-ɗaya, kowane zagaye da rabon wani. Tela ya samu nasa a ƙirji. Wani mai jiran layi ya samu a kunne. Gwaggo ta ɗaga sanda tana karewa tana salati. Kawu bai kauce ba, yana tsaye ya harɗe hannu yana kallon dukiyarsa tana shawagi.

Sai Guguwa ya fara ihu. "Birki! Birki!"

Jama'a suka ɗauka, "Taka mana! Yana ƙarƙashin ƙafarka!"

"Birki na ce!" Yana faɗa yana waiwaye, yana neman wadda ta saba tsayar da shi. Ta cikin gilashin hular idonsa ya samo ni a bayan Gwaggo.

Wallahi ƙafata da kanta ta ɗaga. Hannuwana suka buɗe, dugadugaina suka fara neman ƙasa. Sai na dubi Kawu, na dubi matar Tela, na dubi fili cike da maza. In na ruga na kama ƙarfen nan, kowa ya gama sanin abin da ake yi a gidanmu in an sa sakata. Kuma ni birkin babur marar numfashi ce, wannan mai rai ina zan iya da shi? Na mayar da ƙafata, na riƙe hannun Gwaggo gam.

Gwaggo ta ce, "Kada ki kalla, 'yar nan, ba kyau a halin da kike ciki."

Ƙwan Kawu ne suka tsayar da shi. Taya ta hau inda suka farfashe, ta zame, babur ya kwanta ta hagu, wajen da ya saba. Abin da ya rage a kiret ya tashi gaba ɗaya ya sauka a kan farar rigar jami'i, daga aljihu har takalmi. Usur ɗin ma sai da ya sha.

Fili ya yi tsit, sai tayar baya da ke ta juyawa a iska. Tela ya je ya kashe makulli.

Guguwa ya miƙe, ya ɗage gilashi, ya karkaɗe riga. Ban taɓa ganin mutum mai saurin samo ƙarya irinsa ba.

"Birki ya tsinke! Kun dai ji ina faɗa! Kawu, an cuce ka, babur ba birki aka sayar maka. Da wani ne a kai, da yanzu gawa ake ɗauka."

Jami'i ya tofar da usur. Ya share gwaiduwa daga gira, ya sa aka ɗaga babur, ya duƙa ya leƙa wajen ƙafar dama. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yafito jama'a da hannu.

"Ku zo ku gani. Birkin da ya tsinke, ga shi nan a cikin ledarsa. Ko ƙurar takalmi babu a kai."

Aka yi caa a kai, kowa yana leƙe. Kawu ya matso, ya buɗe murfin tanki, ya duba.

"Man da na zuba ne," ya ce. "Yana nan inda na bar shi."

Tela ya tafa hannu. "Allahu Akbar! Kullum sai ya je ƙarshen gari ya dawo, inji ba ya ihu, ba ya shan mai. Guguwa, ka yafe min, ban san gwanintar ta kai nan ba."

Dariya ta ɓarke, har waɗanda bakinsu ya bushe ɗazu suna riƙe ciki. Jami'i ya tsaya a gaban maigidana, ƙwai na ɗiga daga haɓarsa.

"Bawan Allah, tambaya ɗaya zan yi maka. Wa ya koya maka tuƙi?"

Na ga kansa ya fara juyowa wajena. Na ce a raina shi ke nan, yadda ya ɗora min randa haka zai ɗora min wannan. Amma girman kansa ya cece ni. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa.

"Ni ba a koya min ba. Da abina aka haife ni."

Jami'i ya ce, "Ya nuna. Ɗauki hularka ka bar min fili. In na ƙara ganinka a nan, ko a kan keke ne, sai na sa an rufe ka."

A bakin ƙofar fili Kawu ya kira ni. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai, ina jiran abin da na saya da bakina.

Ya ce, "Tashi. Cewa kika yi ya ce ya iya. Ba ki yi min ƙarya ba." Sai ya dubi tafin hannuna da ya yi kanta. "Wannan fa?"

Na ce, "Wanki ne, Kawu."

Ya ce, "Hmm." Sannan ya juya wajen maigida. "Babur dai na ba wancan da na hana aikin saboda kai. Kai kuma akwai baro a shago, na kai kaya kusa-kusa. Layinku duk sun shaida ka iya turi. Saboda yarinyar nan, ka zo gobe."

Yanzu Guguwa baro yake turawa. Sunan ma an canza masa kamar yadda ya nema, yara da manya Kewaye suke ce masa. Amma bakin yana nan. Jiya na jiyo shi a benci yana gaya wa Tela cewa baro ya fi babur wuya, tunda shi taya ɗaya gare shi, kuma Kawu ya duba duk ma'aikatansa bai ga mai kan da zai iya ba sai shi. Da ya shigo ya rage murya ya ce, "Amarya, gobe in sun fita ki sa sakata. Zan zauna a cikin baron in ji yadda yake ɗaukar nauyi, ke kuma ki ɗan..."

Na ce, "Likita ya ce in huta."

Ya buɗe baki, ya dubi taga inda Gwaggo ke zaune, ya rufe.

Ɗazu da na fito zubar da shara, matar Tela ta tare ni da tambayarta. "Ke da kike ɗaki ɗaya da shi, don Allah wa yake nema a bayansa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ina na san harkar babur, Yaya?"

Ba don in rufa masa asiri ba ne, wannan ya riga ya fashe tare da ƙwan Kawu. Amma na ga yadda suna yake manne wa mutum a gidan nan. In na kuskura na faɗa, har in tsufa, har jikokina, ba wanda zai ƙara kirana Amarya. Birki za su riƙa ce min. Don haka na ja bakina na ɗinke, ko mahaifiyata ba za ta ji ba.